Kusurwoyi Maƙwabta: Lissafin Da Iyayen Greensboro Suka Iya Ba Su Sani Ba

Duk wanda ɗansa ya kai aji 7 a makarantun gwamnati na gundumar Guilford, inda birnin Greensboro yake, wata rana zai ga irin wannan takarda ta aikin gida: layuka biyu ko uku sun haɗu a wuri guda, an rubuta lamba a wani lungu, an sa harafin x a lungun da ke jikinsa, an ce yaro ya nemo abin da ya ɓata. Da yawanmu da mun gan ta sai mu ture ta gefe. Wanda ya taso a Maraɗi ko Damagaram ya ce shi da Faransanci ya yi karatu. Wanda ya taso a Kano ya ce rabonsa da lissafi tun sakandare. Wata uwar kuma ta ce ita allo ta yi, ba boko ba. Yaro ya ɗauki takardarsa ya koma ɗaki, ko dai ya kwafi amsa daga waya, ko ya bar wurin fayau.

Ina ganin wannan ja da baya ba shi da dalili. Abin da ke cikin takardar nan tarawa ne da ɗebewa, kuma duk wanda ya taɓa ba da canji a shago ya iya su. Zane ba shi da yare. Layin da aka ja a Yamai shi ne layin da aka ja a jihar Karolina ta Arewa.

Kusurwa ita ce buɗewar da ke tsakanin layuka biyu da suka tashi daga ɗigo ɗaya. Ba tsawon layukan ake aunawa ba, yawan buɗewarsu ake aunawa, kuma da digiri ake ƙirga ta. Idan mutum ya tsaya wuri guda ya juya har ya dawo inda ya fara, ya yi digiri 360. Idan ya juya ya ba wa inda yake kallo baya, ya yi 180, wato miƙaƙƙen layi. Idan ya waiwaya daga gabas zuwa kudu, ya yi 90, irin lungun ɗaki ke nan, wanda magini da kafinta ke gwadawa da sukwaya. Waɗannan lambobi uku, 90 da 180 da 360, su ne jarin wannan darasi gaba ɗaya. Wanda ya riƙe su ya ci rabin hanya.

Kusurwoyi biyu kuwa ana ce musu maƙwabta idan sun cika sharaɗi uku: sun tashi daga ɗigo ɗaya, layi ɗaya ne ya raba su, kuma babu wadda ta shiga cikin ɗaya. Kamar gidaje biyu ne masu katanga ɗaya a tsakani: katangar ta kowa ce, amma tsakar gidan kowa daban. Idan aka san faɗin filin duka, aka kuma san faɗin gida ɗaya, ba sai an shiga ɗaya gidan da igiyar awo ba. A ɗebe kawai.

Ga yadda abin yake a takarda. An ja miƙaƙƙen layi a kwance, wani layin ya tashi daga tsakiyarsa a karkace. An ce kusurwar hagu 125 ce. Duka biyun sun zauna a kan miƙaƙƙen layi, don haka jimillarsu 180. A cire 125 daga 180, saura 55. An gama. Idan kuma lungun sukwaya aka raba biyu, wanda akan yi masa alama da ɗan ƙaramin akwati a gindinsa, jimillar 90 ce: ɗaya 30, ɗayar 60.

A nan ne yara da yawa ke zamewa. Da zarar sun ji an ce maƙwabta, sai hannunsu ya tafi ga 180. Maƙwabtaka ba ta da lamba tata. Tana gaya maka cewa kusurwoyin biyu suna haɗuwa su ba da babba ɗaya, amma ba ta faɗi girman babbar ba. Wani lokaci babbar 180 ce, wani lokaci 90, wani lokaci kuma mai tambaya ne zai ba ka ita, ya ce duka 110 ce, ɓangare ɗaya 40, nemo sauran. Amsa 70. Yaron da ya saba da 180 zai rubuta 140, ya miƙa takarda yana murna. Saboda haka tambayar farko da uba ko uwa za su yi ba "nawa ne amsa?" ba ce. Tambayar ita ce: "Duka biyun in an haɗa, nawa suka ba da, kuma yaya aka yi ka sani?" Idan yaro ya iya nuna miƙaƙƙen layin da yatsa, ko ɗan akwatin, ko lambar da aka bayar, sauran aikin wasa ne.

Zamewa ta biyu ita ce yarda da ido. Layi yana iya yin kama da a tsaye yake cak, alhali ya ɗan karkata. In babu alamar akwati kuma ba a faɗa a rubuce ba, ba a ɗauka cewa 90 ce. Masu tsara jarrabawa sun san wannan rauni, kuma ba kullum zanensu ke daidai da lambobin da suka rubuta ba. Abin da aka rubuta shi ne hujja.

Ta uku tana jikin ma'aunin kusurwa kansa, wannan rabin da'irar na roba da ke cikin gwangwanin kayan lissafi. Jeri biyu na lambobi gare shi, ɗaya ya faro daga dama, ɗaya daga hagu. Inda na sama ya ce 60, na ƙasa 120 zai ce. Ba kuskuren kamfani ba ne: lambobin biyu maƙwabta ne a kan miƙaƙƙen layi, shi ya sa kullum suke cika 180. Kafin yaro ya karanta lamba, ya fara duba ko kusurwar ta fi lungun sukwaya buɗewa ko ba ta kai ba. In ba ta kai ba, ƙaramar lambar ce tasa.

Idan layuka biyu suka gitta juna, kamar yadda titin Elm ya ratsa titin Market a tsakiyar gari, kusurwoyi huɗu ake samu. Lamba ɗaya ta isa a gano sauran ukun. A ce layukan a karkace suka gitta, ɗaya 70 ce. Maƙwabciyarta 110, domin su biyun suna kan layi ɗaya. Ta gaba maƙwabciyar 110 ce, don haka ta koma 70. Ta huɗu 110. A tara su, 360 cif. Waɗanda ke kallon juna ta tsallaken ɗigo daidai suke da juna kullum, amma su ba maƙwabta ba ne, tunda babu layin da ya haɗa su, ɗigo kawai.

Tun aji 4 ake fara wannan darasi, kuma abu guda ne ya bambanta shi da na aji 7. A manhajar jihar, ɗan aji 4 yana koyon awo da ma'auni da tarawa da ɗebewa don gano kusurwar da ba a sani ba. Ɗan aji 7 kuwa ana so ya mayar da zancen zuwa aljabara. Maimakon lamba tsirara, sai a rubuta 2x + 10 a lungu ɗaya, 3x − 5 a ɗayan, duka a kan miƙaƙƙen layi. Ba abin tsoro ba ne. A haɗa su: x biyu da x uku sun ba da 5x, 10 a cire 5 saura 5. Wato 5x + 5 daidai yake da 180. A cire 5, saura 175. A raba gida 5, x ya zama 35. Sai dai 35 ba kusurwa ba ce, kuma nan ma yara kan tsaya su ajiye fensir. In kusurwa aka tambaya, dole a mayar da 35 mazauninta: sau biyu da ƙarin 10 ya ba da 80, sau uku ban da 5 ya ba da 100. A gwada: 80 da 100, 180. Yaron da ya saba da wannan gwaji na ƙarshe ba ya buƙatar kowa ya gaya masa ko ya ci ko bai ci ba.

Wani zai ce, to, ina amfanin wannan ga mai tuƙa mota ko mai aikin sito? Amfaninsa na farko yana kan sallayarsa sau biyar a rana.

Greensboro na cikin biranen Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa, Zabarmawa da Hausawa, ga 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka ta Yamma. Yawancinmu mun taso ne inda in an ce alƙibla sai a nuna gabas. A gida ma ba gabas tsantsa ba ce. Daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68 ne in an faro ƙirga daga arewa ana juyawa dama, daga Yamai kuwa wajen 72. A Greensboro ta ƙara matsawa arewa sosai: kusan digiri 55 ce daga arewa. Tsakanin arewa da gabas lungun sukwaya ne, 90. Layin alƙibla ya raba shi biyu, ya ba da maƙwabta: 55 ta ɓangaren arewa, 35 ta ɓangaren gabas. Ma'ana, baƙon da ya sauka a sabon gida ya fuskanci gabas sak, ya kauce da digiri 35, fiye da kashi ɗaya cikin uku na lungun duka. Gara ma wanda ya fuskanci tsakiyar arewa da gabas, shi digiri 10 kawai ya rage masa.

Wannan yakan ba mutane mamaki, don a taswirar bango Makka tana ƙasa da Greensboro, kamar kudu maso gabas ya kamata a duba. Taswira shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙulalliya. A sami ƙwallon duniya irin na aji, a ɗora zare daga Karolina zuwa Makka a ja shi ya yi tsauri, za a ga ya bi ta arewa maso gabas. Haka babban masallacin Cibiyar Musulunci ta Washinton, wanda aka buɗe a 1957, yake fuskanta. Hukuncin wanda ya ɗan karkace na malamai ne, kuma sananne ne cewa sun sassauta wa na nesa da Ka'aba, fuskantar ɓangarenta ake nema gare shi. Amma wanda zai iya daidaitawa da ɗebewa ɗaya, me zai sa ya zauna a kan ƙiyasi?

Mai amfani da kamfas yana da ƙarin lissafi guda, shi ma na maƙwabta. Allurar kamfas ba arewar gaskiya take nunawa ba, arewar maganaɗisu take bi. A ƙasar Hausa tazarar da ke tsakanin biyun ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa ba mu saba damuwa da ita ba. A Greensboro kuwa allurar tana karkata yamma da kusan digiri 8. To ga layuka uku daga ɗigo ɗaya: allura a hagu, arewar gaskiya a tsakiya, alƙibla a dama. Daga allura zuwa arewa 8, daga arewa zuwa alƙibla 55. Arewar gaskiya ita ce layin da ya raba su, don haka tarawa za a yi: 63 ce lambar da za a nema a jikin kamfas. Wanda ya ɗebe maimakon ya tara zai sami 47, ya kauce da 16. Wayoyi da yawa suna da zaɓi tsakanin arewar gaskiya da ta maganaɗisu, ya kamata mutum ya duba wacce tasa ke kai. Kuma ƙarfe na ruɗa kamfas, ko na hannu ko na waya. Kada a gwada shi a jikin firji ko cikin mota.

Wanda ba shi da kamfas, rana ta ishe shi. Greensboro tana can arewa, wajen digiri 36 daga tsakiyar duniya, don haka duk shekara, a daidai lokacin da rana ta take tsaka dab da shigar Azahar, inuwar sandar da aka kafa a miƙe arewar gaskiya take nunawa. A ja layi a kan inuwar. Daga gindin sandar a auna taki 7 zuwa arewa, a juya dama a auna taki 10 zuwa gabas, a sa alama. Layin da ya tashi daga gindin sandar zuwa alamar nan ya yi digiri 55 da arewa. Dabarar nan da ake yi a gida, ta duba rana a ƙarshen Mayu da tsakiyar Yuli lokacin da take tsaye a kan Ka'aba, ba ta aiki a nan. A Kano hantsi ne, ƙarfe 10 da 'yan mintoci, amma a Greensboro a wannan sa'a rana ba ta fito ba tukuna.

Ban da salla, masu sana'ar hannu kullum a cikin wannan lissafi suke. Kafintan da zai haɗa katako biyu a lungun ɗaki yana yanka kowanne a kan 45, domin biyun su cika 90. Idan lungun ya buɗe zuwa 135, kowane katako 67 da rabi zai ɗauka. Garin High Point da ke maƙwabtaka da mu da kayan katako ya yi suna a duniya, kuma babu kujerar da ke fita daga can ba tare da wani ya yi wannan rabo ba. Mai hawa tsani ana so ya jingina shi a kan kusan digiri 75 da ƙasa, wato ƙafa ɗaya daga bango ga kowace ƙafa huɗu ta tsawo. Ko a filin jirgin sama na Piedmont Triad abin yana rubuce da manyan lambobi a kan kwalta. Titin jirgin da ake kira 5 ta wannan kai, 23 ne ta wancan kai, na 14 kuma 32 ne ta ɗaya ƙarshen. A ƙara wa kowace lamba sifili, ta zama digiri a kamfas: 50 da 230, 140 da 320. Tazarar 180 ce a duka biyun, domin titin miƙaƙƙen layi ne.

Ilimin ba na Bature ba ne shi kaɗai, balle a ce baƙon abu ne gare mu. Masanin lissafi Iklidis ya rubuta shi a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ƙa'ida ta 13 a kashin farko na littafinsa ita ce wannan ta layin da ya tsaya a kan layi. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Haruna Rashid. Neman alƙibla daga garuruwa masu nisa na cikin abin da ya sa malaman Musulunci irin su Albiruni suka zurfafa a awon kusurwa. Mu ma muna da namu: Muhammad ɗan Muhammad Alkashinawi, Bakatsinen masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Sai batun da ya fi shafar aljihu da makomar yaro. A jihar nan yara daga aji 3 zuwa aji 8 suna zana jarrabawar lissafi ta ƙarshen shekara, kuma sakamakonta ba na ado ba ne. Tun 2018 dokar jiha ta tanadi cewa yaron da ya sami mataki na 5, wanda shi ne mafi girma, a sa shi a ajin lissafi na gaba-gaba. Ɗan aji 7 da ya sami wannan mataki, lissafin babbar sakandare zai fara tun yana aji 8. Wanda ya hau wannan layi da wuri yana isa manyan darussan lissafi kafin ya gama sakandare, kuma su ne ake dubawa wurin shiga karatun injiniya da kimiyya. Jami'ar A&T, wadda aka kafa a 1891, tana nan cikin gari, ita ce mafi yawan ɗalibai a jami'o'in da aka kafa don baƙaƙen fata a Amurka, kuma ta yi fice wajen yaye injiniyoyi. Daga nan Ronald McNair ya gama digirinsa na kimiyyar fiziks a 1971 kafin ya zama ɗan sama jannati. Kamfanin Honda yana ƙera jiragen sama a gefen filin jirginmu. Abin takaici ne a ce waɗannan ƙofofi suna bayan gidanmu, ɗanmu kuma ya rasa su saboda ya saba rubuta 140 inda ake neman 70, babu wanda ya leƙa takardarsa.

Ba na cewa kowane uba ya koma malamin lissafi. Mutumin da ya kwana yana aiki ba a ɗora masa wannan. Amma minti goma bayan cin abincin dare ba su gagari kowa ba. A sa yaro ya karanta tambayar ya fassara ta da Hausa ko Zabarmanci, domin wanda ya iya bayyana abu da harshen gida ya fahimce shi, kuma harshen ma ya samu. A sa shi ya nuna ɗigon da layin da ke tsakani. A tambaye shi jimilla. In ya kawo amsa, a ce ya tara ya gani. Agogon bango ma allo ne: tsakanin kowace lamba da mai bi mata digiri 30 ne, don haka da ƙarfe 4 hannuwan sun buɗe 120 ta ciki, 240 ta waje. 'Yan mata su ma a zaunar da su, kada a ce su tashi su kwashe kwanuka ana tsakiyar bayani.

Idan abin ya ci tura, matambayi ba ya ɓata. Doka ta wajabta wa makarantun gwamnati su yi magana da iyaye cikin harshen da suke fahimta, don haka neman tafinta a ranar ganawa da malamai haƙƙi ne, ba alfarma ba. Yaran da suka iso ƙasar kwanan nan kuma gundumar na da makaranta ta musamman dominsu, ta Doris Henderson, inda ake koya musu Turanci tare da sauran darussa. Ɗalibanmu da ke A&T da jami'ar UNCG da kwalejin GTCC su ma suna da bashi a wuyansu: awa ɗaya a ƙarshen mako, bayan karatun Islamiyya, za ta iya gyara wa ƙannensu abin da zai bi su shekaru.

Ya kai uba, ya ke uwa, a daren yau ku ce yaronku ya kawo ma'auninsa da fensir, ya auna muku inda sallayar gidanku take fuskanta. In ya sami 55 daga arewa, ku tambaye shi nawa ya rage zuwa gabas.